Tubali, Bulon Ƙasa, Matsattsen Bulo ko Siminti: Da Me Za Ka Gina Gidan Iyali a Ƙauye?

Mai shirin gina gidan iyali a ƙauye yakan rasa shawarar da zai kama. Dattawa su ce ginin ƙasa ya fi sanyi, ga shi kakanni sun zauna a ciki har sun bar wa jikoki. Abokai su ce ya daure ya tara kuɗin siminti, kada ya gina abin da marka za ta kwantar masa a dare ɗaya. Kowa da gaskiyarsa, sai dai duka ɓangarorin bango kawai suke kallo, alhali ruwa shi ke kashe gida a ƙasar Hausa, kuma ta gindi yake kama bango ko ta ka. Saboda haka za a auna bango iri huɗu a nan, sannan a auna rufi, domin wanda ya zaɓi bango bai zaɓi rufinsa ba bai gama shawara ba.

Ma'aunan da za a ɗora kowane zaɓi a kai

Na farko kuɗi. Farashi ba ya zama wuri ɗaya, ko a naira ko a sefa, don haka gara a yi lissafi da buhun siminti mai kilo 50 da yawan hannun da aikin ke ci, kowa ya ninka da farashin kasuwarsu. Gidan da za a yi misali da shi ɗaki uku ne da zaure, ba bene ba, wanda bangonsa gaba ɗaya ya kai murabba'in mita 150 bayan an cire ƙofofi da tagogi. Alƙaluman na kimantawa ne don a ga tazarar da ke tsakani, lissafin ƙarshe na magini ne.

Na biyu ƙarko a gaban ruwa da gara. A Damagaram da Maraɗi ruwan shekara yakan tsaya tsakanin milimita 400 da 600, Kano takan samu wajen 800 zuwa 900, daga Zariya zuwa Kaduna kuwa 1,000 ne zuwa sama. Ginin da ya shekara hamsin a Tawa ba lallai ya ga goma a kudancin Kaduna ba.

Sai sanyin ɗaki. Bangon ƙasa mai kaurin santimita 40 yakan riƙe zafin rana wajen awa goma kafin ya ratsa zuwa ciki, shi ya sa ɗakin ke da sanyi da azahar, ya kuma yi ɗumi a daren hunturu. Amma a bazara wannan zafin da daddare yake fitowa, don haka ko wane bango aka zaɓa sai an yi tagogi masu kallon juna. Sannan sauƙin aiki: akwai maginin da ya iya a kusa? Akwai ruwa a rani, lokacin da ake gini?

Ma'auni na ƙarshe, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne wa zai zauna yana kula da gidan. Ginin ƙasa ba ya son a yi nisa da shi. Manomin da ke gida kullum zai ga tsaga ya toshe ta da laka kafin ruwan farko. Ma'aikacin da ke Abuja ko Yamai, mai zuwa sai da Sallah, tsagar nan za ta jira shi damina biyu.

A fara da gwada ƙasa

Uku daga cikin zaɓin nan huɗu sun dogara ne a kan ƙasar da ke kusa da fili. A kwashe ta sama, santimita 30 zuwa 50, domin ƙasar noma ce mai saiwoyi da taki, ba ta gini ba. A ɗebi ta ƙarƙashi a zuba a kwalba mai faɗin baki har sulusi, a ƙara ruwa da ɗan gishiri, a girgiza sosai, a bar ta ta kwana. Tsakuwa da yashi za su kwanta a ƙasa, lallausar ƙasa a tsakiya, laka a sama. Abin da ake nema shi ne yashi da tsakuwa su kai rabi ko su wuce, laka kuma ta tsaya tsakanin kashi 15 da 25 cikin ɗari.

Gwaji na biyu a hannu ake yinsa. A kwaɓa ƙasar, a murza ta ta yi tsawo da kaurin santimita 3, a riƙa tura ta daga bakin tebur har ta karye. In ta karye ƙasa da santimita 5, yashi ya yi yawa, ba za ta riƙe ba. In ta wuce 15 ba ta karye ba, laka ta yi yawa, za ta tsattsage in ta bushe, sai an ƙara yashi. Bayan haka a buga bulo goma na gwaji, a shanya, a saki ɗaya daga tsayin ƙugu a kan ƙasa mai tauri. Mai kyau kusurwa kaɗai zai ɓantare.

Jan birji da ƙasar marmara su ne gaba. Baƙar lakar fadama mai dararrewa a rani kuwa a guje ta, ba don bulo kaɗai ba, har wurin kafa gidan, domin tana kumbura da damina ta tsuke da rani, ta tsaga ko da bangon siminti ne.

Tubali

Wannan shi ne ginin da Hausawa suka gada. Ana jiƙa ƙasa, a tattake ta da ƙafa tare da yankakkiyar ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ko fiye ta ruɓa, a sake tattakawa, sannan a cura ta da hannu mai faɗin gindi da tsinin kai. Tubali yakan ɗauki kimanin mako biyu a rana. Magini yana zaune a kan bango, ana jefa masa ɗaya bayan ɗaya, yana jera su tsini sama, yana cike tsakaninsu da laka. Ba a ɗora sahu da yawa a rana guda. Sai na ƙasa ya sha iska. Bangon yakan fara da kaurin santimita 60 ko fiye a gindi, ya riƙa sirancewa yana hawa.

Ƙarfinsa ba abin gardama ba ne. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19, da Gidan Makama a Kano, duk aikin ƙasa ne. A Yaama ta jihar Tawa, masallacin da magini Falke Barmu ya fara a 1962 ya ci lambar yabon gine-gine ta Aga Khan a 1986. Amma waɗannan gine-gine ne da aka yi ta yi wa hidima shekara da shekaru, kuma a nan maganar take.

Siminti a bango babu ko buhu ɗaya. Abin da yake ci ƙasa ce, kimanin kubik mita 75 a gidan misalinmu, da ruwa, da hannu mai yawa. Inda ake gayya har yanzu, ba abin da ya kai shi araha. Inda za a biya kowane lebura kuɗin yini, arahar tana raguwa ƙwarai.

Garkuwarsa yaɓe ne. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tana hana ruwa shiga amma tana son sabuntawa duk shekara ɗaya ko biyu. Laso ya fi ta daɗewa, yakan kai shekara biyar: haɗi ne na katsi, wato abin da ke kwanciya a gindin ramin rini a marina, da gashin jima, wato wanda ake kankarewa daga fata, da ruwan dakakkiyar dafara. Matsalar ita ce marina sun ragu, masu haɗa laso da kyau sun ƙaranta. Kafin ka zaɓi tubali ka tabbatar akwai magini da ya gaji sana'ar a yankinku, ka je ka ga ginin da ya yi shekara goma da suka wuce, musamman bangonsa na gabas, domin daga can hadari ke tasowa.

Bulon ƙasa

Ƙasa iri ɗaya ce da ta tubali, sai dai a akwatin katako ake buga ta. Girman da ya fi dacewa da bangon waje shi ne santimita 40 a tsawo, 20 a faɗi, 10 a kauri. A jiƙa akwatin kafin kowane zubi, a danna laka sosai a kusurwoyi, a zare a kan fili mai laushi da aka barbaɗa wa yashi. Bayan kwana uku a tayar da shi a gefe, ya ƙara mako biyu zuwa uku. Wanda aka buga a tsakiyar zafin Afrilu a rufa masa zana a kwanakin farko, in ba haka ba waje ya bushe ciki na ɗanye, ya tsage.

Bango mai kaurin santimita 40 yana cin bulo wajen 38 a kowane murabba'in mita, wato kimanin 5,700 ke nan, a ƙara kashi goma na waɗanda za su karye. Ruwan kwaɓi zai kai duro 80 zuwa 100 mai lita 200, abin da ya sa a fara bugu da kaka, lokacin da kududdufi bai ƙafe ba. (Ramin da aka tono ƙasar kada ya zama dab da gida, a damina gidan sauro ne, kuma haɗari ne ga yara.)

Fifikonsa a kan tubali shi ne kowane birkila zai iya jera shi da igiya da ma'auni, bango ya miƙe, a sa ƙofa da taga na zamani ba wahala. Kuskuren da ya cika ƙauyuka shi ne a jera shi layi ɗaya bisa tsawonsa, bango ya fito santimita 20 ko ƙasa da haka, a kai shi mita uku, a ɗora rufi mai nauyi. Da yawa daga ɗakunan da ke faɗuwa a watan Agusta irin wannan ne, ba harsashi, ba kauri. Ƙa'ida mai sauƙi: tsayin bango kada ya wuce kaurinsa sau takwas, kuma taga ko ƙofa ta nisanci kusurwa da mita ɗaya.

Kuskure na biyu shafa filastar siminti kai tsaye a kan ƙasa. Shekarar farko abin sha'awa. Daga nan sai siririyar tsaga ta fito, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita, ƙasa ta jiƙe a ɓoye, gara ta samu wurin zama. In ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar ganga, filastar ta riga ta rabu da bango. In dole sai an yi ta, a kafa ragar waya da ƙusoshi tukuna, a yi haɗin mai yashi da yawa. Amma yaɓen ƙasa da rufi mai dogon baki ya fi aminci.

Matsattsen bulo

A nan ƙasar ba kwaɓa ta ake yi ba. Ana tankaɗe ta a raga mai ido kamar santimita ɗaya, a gauraya ta da siminti a bushe har launi ya zama ɗaya, kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari bisa nauyi, sannan a yayyafa ruwa kaɗan. Gwajin ruwan shi ne a dunƙula a hannu a saki daga tsayin ƙirji: in ta rabu gida huɗu ko biyar daidai ne, in ta zama gari ruwa bai isa ba, in ta faɗi a dunƙule ya yi yawa. Sai a zuba a injin hannu a matse. Haɗin da aka jiƙa a gama da shi cikin awa ɗaya, kafin siminti ya fara kamawa.

Girman da aka saba shi ne santimita 29.5 da 14 da 9, nauyinsa kilo 7 da ɗoriya. Buhu ɗaya yana fitar da bulo 85 zuwa 130 gwargwadon haɗi. Mutum biyar ko shida da injin hannu sukan buga 300 zuwa 500 a yini. Matakin da ake yawan tsallakewa shi ne jinya: a jera bulon a inuwa, a lulluɓe da leda, ya zauna da danshi mako ɗaya zuwa biyu, kuma kada a yi gini da shi sai ya cika kwana 28. Wanda aka baza a rana tun ranar farko, an yi asarar simintin da ke cikinsa, da farce ma za a kankare shi.

Masu tallata wannan bulo sukan ce yana rage siminti ƙwarai. Gaskiyar ta danganta da kauri. Bango mai santimita 14 yana cin bulo 33 a murabba'in mita, wato 5,000, buhu 45 ke nan, da wasu 10 zuwa 15 na jeri. Amma irin wannan siririn bango ba ya riƙe sanyi sosai. In aka kwantar da shi bango ya kai santimita 29.5, adadin ya ninka, siminti ya haura buhu 100, ya kusa kamo bulon siminti. Ribar gaskiya ita ce ba ya buƙatar filasta ko fenti, ba ya buƙatar yaɓen shekara-shekara, kuma ɗakin ya fi sanyi nesa ba kusa ba. Hanyar tsakiya ita ce a kauranta bangon gabas da na yamma, waɗanda rana ke duka, a bar na cikin gida sirara.

An gwada shi a yankinmu an gani. Sabon masallacin Dandaji a jihar Tawa, wanda masu zanen gine-gine Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara aka kammala a 2018, da wannan bulo aka yi shi daga jar ƙasar yankin. A Nijeriya cibiyar binciken gini da hanyoyi ta NBRRI ta daɗe tana ƙera injinansa. Haɗarinsa ɗaya ne babba: aiki ne na awo. In ba mai tsayawa a kan ma'aikata, yau a zuba baro goma a buhu, gobe sha huɗu, bango ya fito wani sashe dutse wani gari.

Bulon siminti

Shi kowa ya sani, kuma wannan ne ƙarfinsa: birkila a ko'ina, saurin aiki, ana iya ginawa har cikin damina, kuma bango yana iya zama ba rufi shekara biyu ana tara kuɗi. Bulo mai inci 9 guda goma ne a murabba'in mita, wato 1,500. Buhu ɗaya bai kamata ya wuce bulo 30 ba, amma gidajen bulo da yawa suna ja har 45 ko 50. Irin wannan in ka murza gefensa da yatsa yashi zai zubo. Bugu buhu 50, jeri wajen 30, filasta ciki da waje 30 zuwa 35, jimla kimanin 110, ban da fenti da kuɗin kai kaya ƙauye, inda wasu ke karyewa a hanya.

Ruwan sama ba ya cin sa, ambaliya ta kwana biyu ba ta narkar da shi. Amma yana ɗaukar zafi da wuri, in aka haɗa shi da kwano ba silin, ɗakin ba ya zaunuwa daga hantsi zuwa la'asar a watan Afrilu da Mayu, ga shi ƙauye ba wutar da za a dogara da ita. Kuɗin kuma kusan duka fita yake yi daga garin, ba kamar na ƙasa ba da ke shiga aljihun maƙwabta.

| Ma'auni | Tubali | Bulon ƙasa | Matsattsen bulo | Bulon siminti |
|---|---|---|---|---|
| Kaurin bango | santimita 60 a gindi | santimita 40 | 14 ko 29.5 | 22.5 |
| Siminti a bango | babu | babu | buhu 60 zuwa 110 | kimanin buhu 110 |
| Yawan hannu | mai yawa ƙwarai | mai yawa | mai yawa, da inji | kaɗan |
| Sanyin ɗaki | sosai | sosai | sosai in mai kauri ne | kaɗan |
| Jure ruwa | sai da yaɓe | sai da yaɓe | yana jurewa | yana jurewa sosai |
| Kulawa | duk shekara | duk shekara | jefi-jefi | jefi-jefi |
| Babban haɗari | rashin gwanin magini | siririn bango | rashin awo da jinya | bulo mara siminti, zafi |

Rufi

Soron azara shi ne abokin tubali. Azara tsagaggiyar giginya ce, kuma ta namijin giginya da ya manyanta ta fi ƙarfi, gara ba ta cika cin ta ba. Tsallakenta bai cika wuce mita 1.8 ba, wajen kamu huɗu, shi ya sa magina ke fito da tauyi, wato azarar da ke leƙowa ta tallafi ta sama, daga bango ko su ɗaura bakan gizo in ana son ɗaki mai faɗi. A kan azara ake shimfiɗa zana ko ƙirare, a ɗora kwaɓaɓɓiyar ƙasa santimita 15 zuwa 20, a karkata ta wajen indararo, a rufe da laso ko makuba. Ba rufin da ya kai shi sanyi da shiru. Sai dai nauyinsa ya haura kilo 300 a kowane murabba'in mita, kuma yana ƙaruwa in ya sha ruwa. Abu biyu ke jawo rushewa: ƙara sabuwar ƙasa duk shekara ba a kankare tsohuwa ba, da ruɓewar kan azara a cikin bango inda ido ba ya gani. Ga kuma ƙarancin giginya. Ko a yankin Gaya na Nijar, inda take da yawa, sai da izini ake sara. Azarar da ta yi fari-fari, mara nauyi a hannu, ɗanyar bishiya ce, kada a saya.

Kwano shi ne mai sauƙi da sauri, yana rufe ɗaki kowane faɗi. A kan bangon ƙasa yana da amfani biyu da ba a cika lura da su ba. In aka fito da bakinsa santimita 60 zuwa mita ɗaya, ya kare bango daga yawancin ruwa, yaɓe ya daɗe. Sannan yana tara ruwan sha: rufi mai murabba'in mita 80 a inda ake samun milimita 800 zai iya ba da wajen lita 50,000 a shekara in akwai tanki. Illarsa zafi da iska. Guguwar farkon damina tana yaye rufin da aka kafa da ƙusa kawai. A ɗaure katakon da rodi ko waya mai kauri da aka binne aƙalla santimita 60 a cikin bango, ko a jikin lintal da ya zagaye ginin. A yi silin, a bar ƙofofin iska a sama da shi.

Na uku rufin ƙasa da ba itace ko kaɗan, inda ake jera ƙananan bulo a karkace su yi baka ba tare da abin tallafi ba. A Nijar an fara koyar da shi a Chikal tun 1980, a Burkina Faso kuma ƙungiyar Voûte Nubienne ta yaɗa shi daga shekarar 2000, ta kai shi Mali, Senegal, Benin da arewacin Ghana. Ƙa'idojinsa ba sa karɓar ragi: faɗin ɗaki kada ya wuce mita 3.25, bangon da ke ɗauke da bakan ya kai santimita 60, a shimfiɗa leda a sama a binne ta da ƙasa don rana kada ta cinye ta. Yana da araha a kaya, yana da sanyi, amma sai maginin da aka horar. Wanda ya gani a hoto ya ce zai gwada, kada a ba shi ɗakin da mutane za su kwana.

Na huɗu rufi biyu: silin na ƙasa ko na bulo a ƙasa, kwano a sama an ɗaga shi kamar rabin mita, iska na wucewa tsakani. Haka mai zanen gine-gine Francis Kéré ya yi wa makarantar Gando a Burkina Faso a 2001. Kwano ya tare ruwa, ƙasa ta tare zafi, kowanne ya rufe aibin ɗan'uwansa. Shi ya fi tsada, kuma a ganina shi ya fi cancanta a kashe wa kuɗi. A sa raga a gefuna saboda jemagu da tsuntsaye.

Inda ba a rowar siminti

Ko wane bango aka zaɓa, harsashi ɗaya ne. A tona santimita 50 zuwa 60 har a taras da ƙasa mai tauri, a gina da dutse ko bulon siminti da aka cike da kankare, a fito da shi santimita 30 zuwa 45 sama da ƙasa, a shimfiɗa leda mai kauri kafin sahun farko na bango. Wannan zai ci buhu 20 zuwa 35, kuma shi ke hana danshi hawa, ya sa a ga hanyar gara tun tana waje. A yi dakali ko daɓe mai gangara kewaye da gini, a zuba duwatsu inda indararo ke zubar da ruwa. Makewayi da wurin wanka a yi su da bulon siminti, kada su jingina da ɗakin kwana. Masai ya nisanci rijiya da mita 30. Dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, a dasa darbejiya a yamma, amma mita biyar daga gini saboda saiwa.

Wa ya dace da wanne

Manomin da ke zaune a gida, mai 'yan'uwa da za su taya aiki, a yankin da ruwa bai kai milimita 700 ba: bulon ƙasa mai santimita 40 a kan harsashin dutse, da kwano mai dogon baki da silin. Ɗan kuɗin da ke hannu ya tafi a harsashi da rufi. In akwai horarren magini a kusa, rufin baka zai cire masa kuɗin kwano da katako gaba ɗaya.

Mai son gidan gargajiya na sosai, da zaure da zankwaye da bakan gizo, kuma yana da gwanin magini da halin yin laso a kan lokaci: tubali da soro. In azara mai kyau ta yi wuya, ya yi zaure da turaka da ita, sauran ɗakuna ya rufa kwano a bayan rawani, wato ɗan bangon da ke kewaye saman soro.

Ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ke birni, iyaye ko iyali na ƙauye, ba mai hawa soro duk shekara: matsattsen bulo da rufi biyu, da sharaɗin ya ajiye amintaccen mutum a kan awo da jinya. Haka ma wanda ke daga Zariya zuwa kudu, inda ruwa ke da yawa.

Wanda filinsa ke kwari, ko kusa da kogi irin garuruwan bakin Haɗeja da ambaliyar 2022 ta shafa: in da hali ya canja fili. In babu, ya cike wurin ya ɗaga shi, ya yi bulon siminti mai kyau aƙalla har tsayin taga, kada ƙasa mara siminti ta kusanci inda ruwa ke kaiwa.

Mai gini kaɗan-kaɗan, yau buhu biyar gobe goma, kada ya tayar da bangon ƙasa na gida duka ya bar shi a buɗe damina ta same shi. Ya zuba harsashin gidan gaba ɗaya a shekarar farko, sannan ya riƙa gina ɗaki ɗaya yana rufe shi kafin watan Mayu, bulon da ya rage kuma ya jera shi a kan duwatsu ya lulluɓe da leda har kaka ta zagayo.